Na'urar da Ta Ƙi Yatsan Yaya

Shekara goma sha ɗaya Yayata tana kai ajiya ƙaramin bankin nan na bayan kasuwa, wanda aka buɗe don irinmu. Wanki take yi: zannuwan gado da tawul na wani masaukin baƙi mai ɗaki ashirin da biyu. Bana aka ce ta cancanci rance. Abu ɗaya take so, wani tsohon injin wanki da ta gani a shagon mai gyaran firji. Hannuwanta sun gaji, in ta tashi da safe sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su buɗe.

Sai dai bankin ya daina aiki da kati. Yanzu kowa sai ya ɗora yatsa a kan wata 'yar na'ura mai gilashi, kuma wanda bai yi rajista kafin ƙarshen wata ba, ba shi cikin rancen bana. Ni na raka ta, don ni ke karanta mata takardu.

Ma'aikaciyar, wata doguwa mai tabarau, ta goge gilashin da gefen mayafinta.

"Mama, ɗora babban yatsa."

Yaya ta ɗora. Fitila ta kawo ja.

"Kar ki danna da ƙarfi, ba ƙwarƙwata za ki kashe ba."

"'Yar nan, haka hannuna yake, bai iya wasa ba."

Aka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya. Ja. Matan da ke kan benci suka fara tsaki. Wata mai sayar da gawayi ta ce, "A gwada na ƙafa mana, mu samu mu tafi!" Aka yi dariya, har da Yaya.

Ma'aikaciyar ta juya tafin hannunta tana dubawa. Yatsun sumul suke kamar bayan cokali. Garin sabulu da bilic sun cinye zanen tas.

"Ba ki san ni ba ne?" Yaya ta ce. "Ni ce ta ranar Litinin. Tun kina zaune a teburin bakin ƙofa."

"Na san ki, Mama. Na'urar ce ba ta san ki ba."

"To gaya mata."

"Ba ta jin magana. Da, sai in sa hannu in ce na tsaya miki. Yanzu daga babban ofis ake komai." Ta rage murya. "Ki huta da wanki mako biyu, ki riƙa shafa mai. Wani lokaci zanen yana dawowa."

Da muka zo kwanar gida, Yaya ta juyo ta dube ni.

"Ƙanwata, mako biyu kwana nawa ne a wurin mai zanin gado?"

Na ce zan karɓi wankin. Na yi kwana uku, bayana ya riƙe, ga nawa ɗinkin ya taru. Zannuwan kuma ba su fita yadda take fitar da su ba, manajan masaukin ya dawo da rabi. Yaya ta je da kanta ta roƙe shi ya jira ta.

"Baƙi a kan katifa tsirara za su kwana, Mama?" ya ce. "Ki je ki huta. In kin dawo ma gani."

Ban taɓa ganin Yaya a zaune da rana ba sai lokacin. Ta zauna a bakin ƙofa, hannuwa shafe da mai, ta ɗora su a gwiwa tafi sama kamar mai jiran a ba ta wani abu. Ko kwano ba ta wankewa. Kullum da hantsi ta kira ni.

"Zo ki duba, ke mai ido. Ya fito?"

A kwana na tara na ga wasu 'yan layuka sirara. Na gaya mata. Ta daɗe tana kallon yatsan a rana.

Ana saura kwana biyu wata ya ƙare muka koma. Ma'aikaciyar ta hura gilashin, ta goge, ta riƙe yatsan Yaya da kanta ta kwantar a hankali. Ja. Ta sake. A na huɗu fitilar ta kawo kore.

"Alhamdu lillahi! Mama, kin shiga!"

Yaya ta rufe baki da hannu tana dariya. Ma'aikaciyar ta juya ga allonta tana ta danne-danne, sannan ta ɗaga waya.

"Saura abu ɗaya. Sai wanda kike wa aiki ya tabbatar, sannan na'urar ta saki kuɗin."

Muna jin muryar manajan daga inda muke. Ya ce ƙwarai ya san ta, mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa ɓatar masa da ko tawul ɗaya ba. Amma tun makon jiya ya ba wasu masu inji aikin, har sun yi takarda ta shekara.

Ma'aikaciyar ta ajiye wayar. Ta cire tabarau, ta mayar.

"Na'urar tambaya take, kina da aiki ko ba ki da shi. Gurbi biyu ne kawai."

"Ke kika ce in huta."

"Ni na ce, Mama."

"To rubuta mata haka."

"Babu wurin rubutawa."

Na leƙa allon da kaina ko akwai wani layi da ta tsallake. Na karanta daga sama har ƙasa, a hankali, sau biyu. Babu.

"Baɗi fa?" Yaya ta tambaya.

"Baɗi in kina da aikin wata shida a jere. Kuma za a sake ɗaukar yatsa."

Yaya ta gyaɗa kai. Ta yi wa ma'aikaciyar godiya, ta ce ta gai da mutanen gida. Ta baya a layi har ta matso ta tsaya a gefenmu da yatsanta a miƙe. Muka ba ta wuri.