Shatin Yatsu Huɗu

Yayanmu ya azabtar da mahaifiyarmu mako shida da hannunsa, yana kiran abin jinya.

Dakta muke ce masa, don ya taɓa yin shekara uku yana sharar wani kantin magani. Tun daga nan ba a gaya masa ya ji.

Da ɓarin jikin Inna ya shanye, magana ma ta ɗauke. Zufar kwanciya ta sa mata ƙaiƙayi a baya, sai Dakta ya kawo wani man shafawa na ƙaiƙayi. Cikin kwana huɗu bayanta ya yi jawur, ƙuraje suka feso suna tsattsafo da ruwa.

"Yaya, man nan fa bai karɓe ta ba," in ji Auta, ƙanwarmu mai yi mata wanka. "Inda ka shafa kawai ya tashi. Ga shatin yatsunka huɗu a kafaɗarta."

"Yaushe kika zama likita, uwar iyayi? Ciwon yake fitarwa. In bai fito ba, ta ina zai warke?"

Ya mayar da shafawar sau uku a rana. Inna na ganin man sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ture, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Shi kuwa dariya yake. "Haba Inna, ke da kika yi ta ɗura mana magani muna ihu, yau ke ce mai gudu? Kai, riƙe min ita."

Ni na riƙe ta. Ban wanke kaina ba.

Ranar da zanen gado ya manne da fatarta, Auta ta tsayar da mota ta kai ta asibiti, ba ta shawarci kowa ba. Likitar ta dubi bayan, ta karanta jikin man, ta ce akwai waɗanda jikinsu ba ya shiri da shi. Maganin ƙaiƙayin ne ke hura ƙaiƙayin. Da an daina tun makon farko, da tuni an manta.

Fatar ta warke cikin mako uku. Inna ta ƙara wata bakwai a duniya. Ina jin ni ta yafe min, don tana karɓar ruwa a hannuna. Dakta kuwa, ko takunsa ta ji sai ta ja zane ta rufe kafaɗa, ta juya fuska bango. Ya durƙusa, ya roƙa, ya yi kuka da gemunsa.

Har ta rasu ba ta sake yarda ya taɓa ta ba.