Goɗiyar Pinchbeck da Shuɗin Riband

Horace Pinchbeck ya yi arziki da sayar da atamfar labule a birnin Leicester na Ingila, sai ya ga abu ɗaya ya rage masa a duniya: manyan ƙauyen da yake zaune su karɓe shi cikin ƙungiyarsu ta farautar yanyawa a kan dawaki. Kanar Wetherall, shugaban ƙungiyar, ya yarda ya fito ranar Asabar a gwada shi.

Pinchbeck ya sayi goɗiya, kyakkyawa, amma harbi gare ta kamar me. Kowa kuwa ya san doki mai harbi jan kintinkiri ake ɗaura masa a wutsiya, don na baya su yi nesa.

Da safe matarsa Maud ta tarar da shi a barga yana ɗaura shuɗi.

"Horace, ja ake sawa."

"Ja na 'yan kasuwa ne. Wannan kuma ba kintinkiri ake ce masa ba, riband ne, Maud. Haka sarakuna ke kiransa tun da kalmar ta ƙetaro daga Faransa, kafin talakawa su lalata ta. Shuɗinsa kuwa sai wanda ya fi kowa, ko jarumin fada ko jirgin ruwan da ya tsere wa saura."

"To ita goɗiyar ka karanta mata? Jiya ta karya ƙofar nan."

"In na sa ja, wa zai matso ya yi mini magana?"

Aka kuwa matso. Mata suna yaba launin, maza suna yaba ƙirjin goɗiyar, Pinchbeck sai riband yake ta faɗa, yana jan kalmar kamar mai tsotsar alewa. Har Kanar ya zo kusa, karnukan farauta na biye da shi. Wata tsohuwar karya da Kanar ya fi so da 'ya'yan cikinsa ta tsaya shinshina ƙafar goɗiyar ta baya.

Kau! Karyar ta tashi sama, ta faɗa cikin shinge tana kuka.

A wurin nan, ka harbi limamin coci ma a yafe maka, ban da kare.

"Yallaɓai," in ji Pinchbeck, "ai ban san tana..."

"Mai labule," in ji Kanar, ko kallonsa bai yi ba, "ka san hanyar gidanku?"

Ya sani. Ya kama hanyar, a ƙafa, don goɗiyar ta ƙi yarda ya sake hawa.