Ta Farautar Burgu Ce

Sai da aka ɓamɓare yatsun Hulda daga ƙofar motar 'yan sanda kafin motar ta tashi. Ɗanta Dickson na zaune a baya da ankwa, bindigarsa ƙirar maƙera tana kan cinyar wani kofur. Daga gonar citta suka ɗauko shi, inda yake gadi tun da mahara suka kashe maƙwabcinsu Meshak.

Ita da mijinta, Rabaran Azariya, suka bi su ofishin 'yan sanda na Kafanchan a kan babur. Sufeton da ke aiki ya ja su gefe.

"Rabaran, ko ɗan goye a Fadan Kagoma ya san abin da ake faɗa. In an kama ka da irin wannan bindigar, ka ce ta farautar burgu ce, mu karɓe, ka tafi gida. Yaronka ya ce ta kare iyali ce, wai haƙƙi ne daga Allah, ba gwamnati ta ba shi ba. In ya tsaya a kan haka, sai Kaduna."

Hulda ta dubi mijinta. Tun da ya dawo daga makarantar tauhidi a Amurka yake koya wa matasan ikilisiya wannan magana: a can masu tsoron Allah suka kafa ƙasa, suka sa a tsarin mulki cewa gwamnati baiwar jama'a ce, kuma magidanci na da ikon riƙe makami ya tsare gidansa.

"Baban Dickson, kai ka ɗura masa," ta ce. "Je ka cire."

"Abin da na koya masa gaskiya ne."

"Gaskiyar can ce. Ni a nan na haife shi."

Azariya ya daɗe a tsaye kafin ya taka zuwa ƙofar ɗakin tsarewa. Dickson ya miƙe yana murmushi, leɓensa a kumbure.

"Baba, ban yi musu ƙarya ba."

"Ka ce ta burgu ce."

"Burgu ne ya kashe Meshak?"

"Ka faɗa, mu tafi gida. Mamarka na waje."

Murmushin ya gushe. "Su ma waɗanda suka kafa Amurkan haka suka ce wa sarkin Ingila?"

Dickson ya juya wa ubansa baya, ya kira Sufeto, ya faɗi kalmar da ake so yana kallon bango.

Sufeto na laluben makulli wata baƙar mota marar lamba ta tsaya a harabar. Wani mutum cikin farin kaya ya shigo, bai gaida kowa ba, bai ko kalli ɗakin tsarewa ba.

"Bar yaron a ciki tukuna," ya ce wa Sufeto. "Wane ne faston da ke koyar da dokar Amurka a coci?"