Ranar da Dungu Ya Ƙi Hutu

A masana'antar katakon Kawu, tun jajibiri ake gane masu bincike na tafe. Sai a share dusar katako, a fito da safar hannu da tabarau daga sito, a lalubo murfin ƙarfen da ke rufe haƙoran babban zarto a ɗaura masa. Sannan a ba duk mai tabo hutu: mai ido ɗaya, da mai ɗingishi, da Dungu, wanda zarton ya cinye wa yatsu uku na dama. Baƙi na juya baya a kwance murfin, don Kawu ya ce yana rage saurin aiki.

Dungu ya sha cin wannan hutu bai ce uffan ba. Mai wurin ƙanen mahaifiyarsa ne. Shi ya kai shi asibiti, shi ya ba shi tsaron sito da ya warke. Amma a makon nan aka ɗora Auta, ƙanen Dungu, a kan zarton. Sabon ango ne, yana tura katako yana waƙa, hankalinsa na gida.

Ranar binciken da safe sai ga Dungu a bakin aiki.

"Kai, ba na ce ka huta ba?" in ji Kawu.

"Na huta, Kawu. Har hutun ya gajiyar da ni."

Kafintoci suka sunkuyar da kai suna danne dariya.

"To shige sito ka jawo ƙofa. In fita ta kama ka, hannu a aljihu."

Auta ya bi shi har ciki, sabuwar safa a hannunsa, ko lanƙwasa ba ta yi ba. "Yaya, don Allah kar ka ja mana. Ni yanzu mai iyali ne."

"Da me za ka riƙe iyalin? Da ƙafa?"

Mai binciken dattijo ne, da gani ya gaji da zagaye irin wannan. Ya duba abin kashe gobara, ya leƙa wayoyin lantarki, ya kalli zarton da murfinsa, ya gyaɗa kai. Kawu na biye da shi, baki har kunne. Da zai tafi ya bi ma'aikata yana ba su hannu ɗaya bayan ɗaya.

Dungu ya fito ya shiga layi. Tun da abin ya same shi, wuyan hannu yake miƙa wa mutane, har kowa ya saba. Yau tafin ya miƙa a buɗe.

Dattijon ya kama, ya ji abin da babu, bai saki ba.

"Me ya same ka, malam?"

"Hatsarin babur ne," Kawu ya yi caraf.

"Babur ne kam," in ji Dungu. "Ga shi can a kafe, mai haƙora."

"Da murfin a kansa?"

"Ranka ya daɗe, murfin nan baƙo ne irinka. Tare kuke zuwa, tare kuke tafiya."

Babu wanda ya yi dariya. Dattijon ya koma wurin zarton ya murza nocin murfin da yatsa, nocin ya faɗo masa a hannu. Ya dubi Auta. "Kai ke aiki a nan? Jiya da murfi ka yi?"

Auta ya dubi kawunsa, ya dubi ƙasa.

"Na ji amsarka," in ji dattijon. Ya sa aka yanke wa injin wuta, ya garƙame shi da kwaɗo, ya ce a kirawo masa duk wanda aka ce ya zauna gida yau.

Motarsa na fita, Kawu ya juyo kan Dungu.

"Tsintacciyar mage! Gidan da ya rufa maka asiri ka tona wa? Ajiye makullin sito ka fita. Kuma sai na gaya wa yayata."

"Gaya mata, Kawu. Ita ta haifi yatsun."

Ya ɗora makullin a kan tebur. A bakin ƙofa Auta ya tare shi, ya cire safar ya jefar, idonsa jajir.

"Ka ji daɗi? An rufe. Yanzu me zan kai wa matata mu ci?"

"Ko ƙasa ce ku ci," in ji Dungu. "Kana da hannun ɗiba."

Ya raɓa shi ya wuce. Auta bai bi shi ba, shi ma bai waiwaya ba.