Hoton Malam Bube a Rumbu

Kwana tara kafin Malam Bube ya rasu a Kebbe, ɗansa Almu, malamin gona a Tambuwal, ya ɗauke shi hoto da kyamarar da Baturen gona ya ara masa. Tsohon bai taɓa yarda an ɗauke shi ba sai ran nan.

Baturen ya gargaɗe shi: kada laima ta taɓa ta, kada kuma a buɗe bayanta sai an kai Sakkwato an wanke fim ɗin, don haske na cinye hoto. Damina ce, hanya ta yanke. Almu ya naɗe kyamarar da tsumma, ya tura cikin gero a rumbu.

Ran sadakar bakwai, da rana tsaka, ya tarar da Goggo Atu, ƙanwar marigayin, zaune gindin rumbun. Kyamarar na cinyarta a buɗe, fim ɗin a warware cikin rana.

"Goggo, me kika yi?"

"Tarin Bube nika ji cikin rumbun ga, tun ran da munka binne shi," in ji ta, ko kallonsa ba ta yi ba. "Ka kulle kurwar ubanka cikin akwati, ɗan boko. Na buɗe mashi."

Almu ya tsuguna ya tattara fim ɗin. Ya san babu sauran fuskar ubansa a duniya. Bai yi mata faɗa ba, domin shi ma kwana uku ke nan yana jin tarin.

Suka kasa kunne tare. Rumbun ya yi tsit.