Fuskar da ke Cikin Jirgi

Ranar Alhamis da la'asar Uwais ya iso Gashua da mahaifiyarsa, Ya Fanne, daga Nguru. Sati biyu kafin nan maƙwabta sun tsince ta a sume a tsakar gida, sukarinta ya yi ƙasa, likita kuma ya ce kada a sake barinta ita kaɗai. Tun da aka kai autarta Rahima gidan miji a Dapchi, shekara uku ke nan, ba ta da abokin zama. Sai da Uwais ya yi sawu huɗu kafin ta yarda ta biyo shi, shi ma da sharaɗin gwadawa za ta yi ta gani.

Ɗakin da aka gyara mata shi ne wanda Uwais yake ajiye mutum-mutuminsa. Guda ashirin da uku ne, na roba da ɗan ƙarfe, irin waɗanda ake nunawa a fina-finan katun na Japan: a tsaye ka ga jarumi da kafaɗu da takobi, in ka nannaɗe gaɓoɓinsa sai ya koma mota ko jirgi. Yana yaro ya fara ganinsu a bidiyon wani ma'aikacin reluwe maƙwabcinsu. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta yaren, amma abin bai taɓa fita daga ransa ba, har yana ganin shi ya kai shi aikin da yake yi yanzu, na gyaran na'urori a jami'a. Shekara goma sha huɗu yana tara su. Mafi yawa daga dilar gwanjo ya tsinto su, wani babu hannu, wani babu taya, ya bi su da haƙuri har suka cika. Da za a kawo Inna sai ya kwaso su ya jera a kabad mai gilashi a falo, ya kulle saboda 'yarsa Raudatu mai shekara biyu.

Ya Fanne ta shigo falon tana dogara sanda. Matarsa Wasila ta shimfiɗa mata darduma, ta kawo ruwa da kunu. Tsohuwar ta ɗauki kofin, sai idonta ya sauka a kan kabad ɗin, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ajiye kofin ba ta sha ba.

Uwais ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, magana ma ta kan bi ta bakin wani in da hali. Ta ce, "Wasila, tambayi uban Raudatu, waɗancan mutanen su wane ne?"

Uwais ya durƙusa ya ce kayan wasa ne, Inna, na yara.

"Na yara? Shi ya sa aka kulle su da makulli kada yarinyar ta taɓa?"

Wasila ta sunkuyar da kai don kada dariyarta ta fito. Ya Fanne ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tun tana ƙarama ta san mala'ikun rahama ba su shiga gidan da aka tsayar da mutum-mutumi, ita kuwa a yanzu ba ta da baƙin da take jira da suka wuce su. Ba ta ce a fasa komai ba, ba ta ce a zubar ba, gida nasa ne. Abin da ta roƙa kawai a nema mata mota ranar Lahadi ta koma ɗakinta. Ƙullin kayanta ma ta hana Wasila kwancewa, sallaya da carbi da magani kaɗai ta ciro.

Washegari bayan an sauko daga Juma'a, Uwais ya shimfiɗa tabarma a falo ya buɗe kabad. Dabara ta zo masa tun da safe yana alwala. Ya ɗauko wani shuɗi mai faɗin ƙirji, ya matso inda Inna za ta gani. Ya tura kan cikin ƙirji, ya juya ƙugu, ya haɗe ƙafafu, ya naɗe hannuwa baya, sai ga babbar motar ɗaukar kaya a tafin hannunsa. Ya gangara ta a kan tabarma. Ya ce ai mota ba ta da rai, ba ta da fuska, ba wanda ya taɓa hana ajiye mota.

Ya Fanne ta dubi motar, ta ci gaba da jan carbinta. Uwais ya ɗauki shirun a matsayin rabin yarda.

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har bayan la'asar. Wasu ya san su kamar yatsunsa, wasu ya shekara biyar bai juya su ba, sai ya ɗauko takardunsu masu rubutun Japan ya bi zanen a hankali. Robar wasu ta bushe saboda zafin garin, tana ƙara a hannunsa, yana jin ƙarar har cikin haƙoransa. Ashirin da biyu suka koma motoci da jiragen sama da tankar yaƙi guda. Na ƙarshen shi ne mafi tsufa, ja da baƙi, wanda yake komawa siffar kan jirgin ƙasa. Shi ya fara saya, a kasuwar Nguru, cikin tarin takalman yara. Ƙafafu suka naɗu, hannuwa suka shige, amma wuyan ya ƙi lanƙwasa. Ya zama jirgi mai kan mutum yana leƙe ta sama, ya fi muni a kan yadda yake da.

Wasila ta leƙo daga kicin ta ce, "Abban Raudatu, wannan kam ko ni ya ba ni tsoro. Ka danna shi mana."

Ya ce in ya danna zai karye, kuma irinsa ba ya sake zuwa a dila.

Ranar Asabar da hantsi ya nannaɗe jirgin a tawul ya hau mota zuwa Nguru. Mutum ɗaya ya nufa, Malam Abbagana, limamin unguwarsu kuma aminin marigayi babansa, wanda yake gyaran agogo a wata 'yar rumfa kusa da tsohuwar tashar jirgi. Buƙata biyu Uwais ya zo da ita. Yana so a gyara wuyan, yana kuma so Malam ya kira Inna a waya ya ce mata babu laifi, don ya san ba ta taɓa ƙetare maganar Malam ba.

Bayan doguwar gaisuwa da tambayar jikin Ya Fanne, Uwais ya buɗe tawul. Malam ya maƙala gilashin gyara a ido ɗaya, ya juya abin sama da ƙasa. Ya ce wata 'yar kusa ce ta yi tsatsa a cikin wuyan. Ya zare ta da hantsaki, ya yanko wata daga jikin allura, ya ɗiga man keke, ya tura da ɗan yatsa. Kan ya shige cikin ƙirji, murfi ya rufe a kansa.

Malam ya ce a nuna masa yadda ake mayar da shi mutum. Uwais ya nuna masa. Ya ce a sake mayar da shi jirgi. Daga nan ya karɓa ya yi da kansa har sau biyu, yana murmushi cikin farin gemunsa, yana cewa wanda ya ƙera wannan ya san aikin hannu, ko agogo sai haka. Wani mai kifi da ya kawo agogonsa ya gaji da tsayuwa ya ce zai dawo.

Sannan Uwais ya faɗi abin da ya kawo shi, tun daga kofin kunu har zuwa motar Lahadi.

Malam ya cire gilashin ya ajiye. Ya ce malamai sun yi sassauci a kan kayan wasan yara. Ya ɗan dakata, ya tambayi Uwais shekarunsa nawa yanzu. Uwais ya ce talatin da takwas, suka yi dariya tare. Malam ya ce amma in abin yana a siffar jirgi ko mota, shi dai bai ga wanda zai kira shi mutum-mutumi ba, kuma da a ɗakinsa aka ajiye da ya yi sallarsa bai damu ba.

Uwais ya ji sanyi a ransa. Ya ciro waya ya ce to ko Malam zai faɗa wa Inna haka da bakinsa.

Malam bai karɓi wayar ba. Ya ce, "In ka ce in kira, zan kira, kuma za ta zauna. Na san Fanne shekara arba'in, ba za ta yi mini musu ba. Amma ka ga, Uwaisu, ni ka tambaya na ba ka amsa. Ba ni zan riƙa wucewa ta gaban kabad ɗin nan sau biyar a rana da alwala ba. Za ta zauna ta yi shiru, kai kuma ba za ka ƙara sanin abin da ke ranta ba."

Uwais ya riƙe wayar a hannu na ɗan lokaci, sannan ya mayar da ita aljihu. Malam ya nannaɗe jirgin da kansa ya miƙa masa, ya ce a gaishe ta, a ce mata ta daina shan shayi da sukari uku.

A mota, daga Nguru har suka wuce Jajimaji, tawul ɗin yana kan cinyarsa. Ya yi ta faɗa wa kansa cewa har yanzu da sauran hanya. Yanzu duka ashirin da ukun sun rufu, watakila in ta ga jerin motoci babu ido ko ɗaya zuciyarta ta kwanta da kanta, ba tare da an ɗora mata maganar kowa ba. Ya yanke cewa zai nuna mata, ba zai ambaci abin da Malam ya ce ba, kuma duk abin da ya gani a fuskarta shi zai bi.

Ya same ta a falo bayan la'asar, Raudatu tana barci a gefen ƙafarta. Ya isar da gaisuwar Malam da saƙon sukari, ta ce Malam ya fara duba nasa kofin. Sannan ya ɗora jirgin a gurbinsa, ya ja baya. Kabad ɗin ya zama kamar tashar mota.

Ya Fanne ta ce wa Wasila ta miƙo mata jan jirgin. Idonta ya yi rauni, da yatsu take duba abu, kamar yadda take tsince shinkafa. Ta shafa tayoyin, ta shafa hancin jirgin, ta ce ya yi kama da wanda yake kawo su daga Kano suna amare. Har ta yi ɗan murmushi. Sannan ta kifa shi, yatsanta ya bi wata 'yar tsaga a ƙarƙashi, ya tsaya. Uwais ya san wurin. Ta nan ake jin haɓar mutumin da aka naɗe a ciki.

"Yana nan ciki," in ji ta a hankali. "Ya dai sunkuya ne."

Ta miƙa wa Wasila jirgin da hannu biyu, kamar mai mayar da kayan aro. Babu faɗa a muryarta, har ma kamar tana jin nauyin abin da ta faɗa. Uwais ya dube ta, ya tuna yadda maƙwabta suka ce sun same ta, kwanon tuwo a kife a gefenta, ƙofa a rufe ta ciki.

Ya tashi ya tambayi Wasila ko kwalayen taliyar nan suna nan a sito. Ta dube shi sosai kafin ta ce suna nan. Ya ce akwai wata durowar ƙarfe a ɗakin gyaransu a wurin aiki, babu komai a ciki sai tsofaffin wayoyi, can zai kai su. Ya san rufin ɗakin na kwano ne, ya san abin da zafin bazara zai yi wa robar, ya kuma san tsiyar da abokan aikinsa za su yi masa in sun gani. Ya ɗauko kwalayen ya fara jerawa, manya a ƙasa, ƙanana a sama, yana cusa tsofaffin jaridu a tsakani.

Jaridun suka ƙare tun kwali na biyu bai cika ba. Ya Fanne tana kallonsa yana ƙoƙarin raba jirgin sama da tanka da guntun leda. Sai ta ce wa Wasila ta ɗauko mata ƙullin kayanta. Ta kwance shi da kanta, ta zaro tsofaffin zannuwa uku masu laushi.

"Ba shi ya naɗe su da wannan, kada fentin ya goge. Leda ba ta hana komai. Sauran kayan kuma ki zuba mini a akwatin ɗakin can, ki ware na wanki."

Uwais ya karɓi zannuwan bai ɗaga kai ba. Ya yayyaga ɗaya gida shida, ya naɗe kowace mota daban. Kafin magariba ya tsayar da keke napep a ƙofar gida, shi da direban suka ɗora kwali uku a baya. Direban ya tambaya ko kayan fashewa ne a bi a hankali. Uwais ya ce e, a bi a hankali, a kauce wa ramin da ke gaban gidan mai. Ya shiga ya zauna, ya dafa kwalin sama da hannu ɗaya, suka tafi.