Ɗumin da Ba a Ga Wutarsa Ba

Shekarar da tarin mahaifiyarta ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Khue ta sa aka kafa wa iyayenta na'ura mai aiki biyu, wadda ke sanyaya ɗaki da bazara, ta ɗumama shi da hunturu. Ita tana aikin ɗinki a wata masana'anta a Bac Ninh, su kuwa suna ƙauye a gindin dutsen Mau Son, inda sanyi kan kashe shanu a tsaye.

Mahaifinta, Tsoho Tuat, ya zagaya bayan ɗaki, ya tara hannu gaban fankar na'urar da aka maƙala a waje.

"Zo ki ji. Sanyi take hurawa. An cuce ki, yarinya."

"Baba, ai aikinta ke nan. Ɗan zafin da ke cikin iskar waje take tsotsowa ta kai muku ciki, saura ta watsar."

"Zafi a ina? Ruwan randa ya daskare, ki ce min akwai zafi a waje? To je ki tatso min nono a jikin dutse."

Ta bar na'urar a kunne, ɗaki ya ɗauki ɗumi, har mahaifiyarta ta cire hular sanyi tana murmushi. Sai ga maƙwabciyarsu, Gwaggo Nhan, ta shigo shan shayi. Ta ɗaga kai ta harari na'urar.

"Irin wannan busar da huhun tsofaffi take yi. Ɗumin da ba ka ga wutarsa ba, ina ka san abin da yake ci?"

Khue ta koma bakin aiki. Duk sanda ta buga waya takan ce, "Inna, kun kunna?"

"Mun kunna," in ji uwar, murya ƙasa-ƙasa.

Ashe tun ranar da ta tafi tsohon ya zare wayar daga bango. Da sanyi ya tsananta sai ya hura gawayi a kasko, ya shigar ɗaki, ya toshe tagogi da tsumma don kada iska ta taɓa matarsa.

Gwaggo Nhan ce ta lura hantsi ya yi ba a saki kaji ba. Aka ɓalle ƙofa. Uwar ta riga ta cika. Tsohon ya farfaɗo a asibiti, amma hankalinsa bai dawo daidai ba. Likita ya ce gubar gawayi ce, wadda ba a ganinta, ba a jin warinta.

Wajen makoki, Khue na durƙushe tana kunna turare gaban hoton mahaifiyarta, ta ji Gwaggo Nhan na raɗa a bayanta: shekara nawa ana kwana da gawayi lafiya, sai da aka kafa abin nan.

Ta juyo. "Gwaggo, ai na'urar ko a jone ba take ba!"

"Yi haƙuri, 'yata. Kowa ya san da kyakkyawar niyya kika yi."

Ta maimaita maganar likita har muryarta ta dushe. Kowa ya gyaɗa kai don tausayi. Kafin hunturu ya fita, malamin makarantar ƙauyen ma ya daina kunna tasa na'urar, saboda surukarsa ta rantse ba za ta ƙara kwana a gidan ba.

Khue ta ajiye aiki ta dawo jinyar mahaifinta. Yakan wuni a bakin ƙofa yana kallon hazo. Wani lokaci sai ya miƙo mata bargonsa.

"Kai wa innarki. Ba ta jure sanyi."

Sai ta karɓa, ta zagaya bayan gida, ta ɗan tsaya, ta dawo ta ce ta kai.